Hoto Uku Daga Ƙafa Ɗaya: Yadda Tsinken Awo Ya Kusa Ɓatar Da Mu A Gyaran Wata Inbata

Sau uku inbatar nan, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, tana shiga hannun masu gyara cikin wata biyu. Na farko ba a wurina ba ne. Na biyu ni ne. Na uku ma ni ne, sai dai a wannan karon mai ita da kansa ya sauko da ita daga adaidaita sahu, ya dire ta a kan teburina, ko zama bai yi ba.

"Malam, da dare lafiya lau take aiki. Rana na yin tsaka sai ta yi ƙara ta mutu. Yaya za a yi kayan sola su riƙa gudun rana?"

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri a bar mini ita kwana biyu. Wannan karon ba kuɗin aiki."

Shagon sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara yake da shi a nan Kano, kuma lokacin zafi ne, don haka kowace rana da firiza ta tsaya asara ce a gare shi. Inbatar mai batir biyu ce, bolt 24, irin marasa nauyin nan da ba su da ƙaton taransifoma. Aikinta hawa biyu ne. A hawan farko akwai guntun SG3525 da ke kunna rukuni biyu na mosfet, wato ƙananan makunnan lantarki masu ƙafa uku, bi da bi, sau dubbai a sakan ɗaya, suna tura wutar batir cikin ƙaramin taransifoma, ta fito ta ɗaya gefen ta taru a manyan kafasita, wato rumbunan ajiye caji, a kan bolt ɗari uku da wani abu. A hawa na biyu kuma gada ce mai mosfet huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, guntun EG8010 da direbobin IR2110 suna sarrafa ta, ita ke sassaƙa waccan wutar ta koma bolt 230 mai juyawa sau 50 a sakan, irin ta gidan wuta. Mosfet ɗin hawan farko ne ke ƙonewa kullum.

Laifina a gyara na biyu a fili yake. Na buɗe na ga mosfet samfurin IRF3205 ne a kai, na je na sayo IRF3205 na mayar. Ban tambayi kaina ko su ne na asali ko wanda ya riga ni ne ya sa su ba. Kuma ban sallame ta da ka ba, sai da na ɗora osiloskof, na'urar da ke zana siffar wuta a fuskarta, a kanta na ga hoto mai kyau. Hoton nan shi ne matsalar.

Hoto na farko: wanda ya yi kyau da yawa

Osiloskof ɗin shagonmu na megahas 100 ne, wato yana iya bin sigina mai juyawa sau miliyan 100 a sakan. Tsinken awon da muke aiki da shi, wanda masu gyara ke kira firob, irin mai arahar nan ne P6100, mai ɗan maɓalli a jikinsa da ake turawa tsakanin 1X da 10X. Ranar gyara na biyu maɓallin yana kan 1X, ban lura ba, ko in ce ban ɗauka yana da wani muhimmanci ba. Na ɗora bakin tsinken a ƙafar diren ta mosfet (ƙafafunsa uku ne: get da ake kunna shi da ita, sai diren da sos da wuta ke bi tsakaninsu), na sa kowane gida na fuskar na'urar ya zama bolt 10, sai ga zane tsaf: ya tashi, ya miƙe a wajen bolt 50, ya sauko. A kusurwar akwai ɗan tudu kaɗan, ba abin tayar da hankali ba. IRF3205 yana ɗaukar bolt 55 tsakanin diren da sos. Hamsin bai kai hamsin da biyar ba. Na rufe murfi na kira Alhaji.

Abin da ke rubuce a takardar tsinken, wadda ban taɓa karantawa ba sai daga baya, shi ne megahas 100 ɗin da aka buga a jikinsa na 10X ne kawai. A kan 1X megahas 6 yake gani. Akwai lissafin da masu wannan sana'a suka daɗe da shi: ka raba 0.35 da iyakar saurin na'urarka, ka sami mafi gajartar tashin da za ta iya nunawa. A megahas 100 nanosakan 3.5 ne (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan). A megahas 6 kusan nanosakan 58. Duk wani tsini mai kaifi da ya tashi ya faɗi cikin ɗan wannan lokaci, tsinken zai goge kaifinsa, ya miƙo maka ɗan tudu.

Dalili shi ne a kan 1X, bakin tsinken haɗe yake kai tsaye da doguwar igiyarsa da mashigar osiloskof, kuma dukansu suna riƙe caji kamar ƙaramin kafasita, wajen fikofarad ɗari (ma'aunin girman kafasita ke nan). Sai an cika wannan rumbu kafin na'ura ta ga canji. A kan 10X kuwa akwai razista, abin da ke rage gudun wuta, mai megaom 9 a bakin tsinken, osiloskof yana da megaom 1 a mashigarsa, sun haɗu sun zama 10, kashi ɗaya cikin goma ne kawai ke isa ciki. Ka sadaukar da girman sigina, amma nauyin da ka ɗora wa abin da kake aunawa ya faɗo zuwa fikofarad goma sha wani abu. Amfanin 1X a wurina yanzu ɗaya ne: kallon 'yar ƙaramar rawar wuta a kan layin bolt 5 ko 12, inda sigina ba ta da girma kuma ba ta da sauri.

Kuskure na biyu a ranar ba na tsinke ba ne. Batiran da ke ƙarƙashin teburina sun kwana suna aiki, suna wajen bolt 24 da rabi. A gidan Alhaji kuwa, da rana tsaka, faifan sola na tura batir har bolt 28.8. Wannan irin hawan farko yana da wata ɗabi'a: idan rukuni ɗaya ya kunnu, ƙafar diren ta rukunin da ke kashe tana ganin ninkin wutar batir. Ninkin 24.5 shi ne 49. Ninkin 28.8 shi ne 57.6. Tun kafin a zo maganar tsini, an riga an haye abin da kamfani ya yi alƙawari.

Hoto na biyu: wanda ya firgita mu

A karo na uku na sa sababbin IRF3205 don gwaji kawai, na haɗa caja har batir ya hau 28.8, na jona kwan fitila masu zafi a matsayin kaya, na tura maɓalli zuwa 10X. Na kuma tuna na gaya wa osiloskof cewa 10X ne, domin in ka manta da wannan zai nuna maka bolt 5.7 a inda 57 take, ka yi ta neman ciwon da babu.

Abin da ya fito a fuska ya sa yaron shagona ya ja da baya. Kowane tashi yana harbawa ya wuce bolt 90, ya dawo, ya sake hawa, yana karkarwa sau shida ko bakwai kafin ya lafa. A wajen sauka ma yana nutsewa ƙasa da sifiri sosai.

"Oga, wannan ai sai mun ƙara manyan kafasita a kan kowane mosfet."

Da na bi shawararsa, kuma saura kaɗan in bi, da mun cika allon da kafasita da razista suna shan zafi a banza don kashe karkarwar da ba ta cikin inbatar. Abin da ya tsayar da ni ƙaramin abu ne. Na miƙa hannu zan ɗauki biro, gwiwar hannuna ta ture wayar ƙasa ta tsinken, wadda ake maƙalawa a inda aka ɗauka a matsayin bolt sifiri, sai na ga zanen ya canza siffa. Inbata ba ta san na motsa waya ba. Tsinken ne ya sani.

Wayar ƙasar nan tana da tarihi. Ta asali, mai ɗan maƙali a ƙarshenta da ake kira bakin kada, tsawonta bai wuce santimita goma sha biyar ba. Yaron ya ga ba ta kaiwa kan batir, sai ya ƙara mata jan waya da dalma har ta kai rabin mita, ya maƙala ta a kan ƙafar batir ta baƙi. A wurin mita mai auna bolt wannan ba komai ba ne, waya waya ce. A wurin sigina mai tashi cikin nanosakan kaɗan kuwa, kowace milimita ta waya tana da kusan nanohenri ɗaya na indoktans, wato tana turjiya ga duk canjin wuta na farat ɗaya. Rabin mita ya ba da wajen nanohenri 500. Ka haɗa wannan da fikofarad 15 na bakin tsinke, ka sami abin da ke kaɗawa da kansa kamar tsirkiyar garaya, a kusan megahas 58. Na auna tazarar da ke tsakanin ƙahonin karkarwar a fuska, nanosakan goma sha bakwai zuwa sha takwas. Lissafi ya zauna daram. Da gajeriyar wayar asali ce, kaɗawar za ta koma sama da megahas 100, ta ragu, amma ba za ta ɓace ba.

Ba nan ta tsaya ba. Bakin tsinke da wayar ƙasa sun yi zobe, kuma zoben nan yana kwance kusa da taransifoma da layukan da amfiya gommai ke kunnuwa suna mutuwa a cikinsu. Duk zoben waya da ke cikin irin wannan maganaɗisu mai canzawa, wuta za ta haifu a cikinsa. Gwajin da ya tabbatar mini shi ne mafi sauƙi a duk aikin nan: na ɗaga bakin tsinken daga diren na ɗora shi a daidai inda bakin kadan yake. Tsinke yana auna ƙasa da ƙasa, ya kamata in ga miƙaƙƙen layi. Sai ga tsinaye na bolt da yawa suna tsalle a kowane kunnawa. Duk wannan ƙarya ce da muka saya da rabin mitar jan waya.

Akwai kuma abu na uku da ya kumbura hoton, shi ne wanda na fi ganin masu gyara suna rainawa. A jikin kowane tsinken 10X akwai ɗan rami mai ƙaramin sukuru, a gaban osiloskof kuma akwai ɗan ƙarfe da ke fitar da sigina mai kusurwa a kilohas 1. Ana ɗora tsinke a kai a murɗa sukurun da abin murɗawa na roba har saman zanen ya miƙe, ba ƙaho ba kuma gangara. Namu yana da ƙaho, domin tsinken daga wani tsohon osiloskof muka gado shi, ba wanda ya sake daidaita shi. Mutane suna ɗauka illar wannan ƙahon ce kawai a kusurwa. A kilohas 1 haka ne. Amma razistocin nan na 9 da 1 suna raba wuta daidai ne kawai idan sigina na tafiya a hankali. Da ta wuce 'yan kilohas, kafasitocin da ke gefensu ne ke karɓe rabon. Hawan farko na inbata yana aiki a kilohas gommai, saboda haka tsinken da ba a daidaita ba ba ƙaho zai nuna maka ba, duka tsayin zanen zai ƙara ko ya rage, kuma babu alamar da za ta sa ka yi zargi. Namu yana ƙara kusan kashi ɗaya cikin goma.

Hoto na uku

Na daidaita sukurun. Na cire wayar ƙasa gaba ɗaya, na zare hular ƙugiya da ke bakin tsinken, sai ga zoben ƙarfe a bayan tsininsa. A cikin ledar da tsinken ya zo da ita akwai wani ɗan sifirin, wato naɗaɗɗiyar waya da ke maye gurbin wayar ƙasa, wanda yawancinmu ke zubarwa tare da zobban roba masu launi. Namu ya daɗe da ɓata, sai na naɗe guntuwar wayar tagulla a jikin zoben, na bar mata ƙafa mai tsawon santimita ɗaya. Tsini a kan diren, ƙafar tagulla a kan sos na mosfet ɗin da kansa, ba a kan batir ba. A irin jikin wannan mosfet, wato TO-220, ƙafafun nan biyu maƙwabta ne, tazararsu milimita biyu da rabi, don haka hannu ya yi rawa ka haɗa su ka jawo wa kanka wani aikin. Na kashe inbatar, na kafa tsinken na danne shi, sannan na ce yaron ya kunna.

Karkarwar ta tafi, sai 'yar kaɗan. Kafaɗar zanen ta zauna a wajen bolt 57. A farkon kowace kafaɗa akwai tsini, amma ba mai kaifi ba: ya hau zuwa wajen 63 sai ya yanke a miƙe kamar an sa wuƙa an fille kansa, ya tsaya a haka na ɗan lokaci, sannan ya faɗo kan kafaɗa.

Na daɗe ina kallon wannan yankakken kai. Tsinin da ya ga dama da kansa yakan yi kaifi ko ya lanƙwasa. Wanda ya miƙe a sama, wani abu ne ya tare shi, kuma a nan ba abin da zai tare shi sai mosfet ɗin. A duk lokacin da mosfet ya kashe, akwai ragowar maganaɗisu a naɗin taransifoma da bai tsallaka zuwa ɗaya gefen ba, dole sai ya sami inda zai zube. Yana ta tura bolt sama har mosfet ya kasa riƙewa, wuta ta ɓalle ta cikinsa kamar ambaliya ta haye madatsa. Mosfet yana iya jure irin wannan jefi-jefi, an ma rubuta iyakarsa a takardarsa. Sau dubbai a sakan, a cikin akwati, a zafin Kano, magana ce daban.

Sai na cire caja na bar batir ya sauko, don in ga abin da ke faruwa da dare. Yankakken kan yana nan, amma ya tsuke sosai. Dalilin yana cikin tazarar da ke tsakanin kafaɗa da inda mosfet ke ɓallewa, domin ita ce ke ƙarar da ragowar wutar. Da dare tazarar daga 49 zuwa 63 ce, bolt 14, nan da nan ta zube. Da rana daga 57.6 zuwa 63, biyar da ɗoriya, sai ambaliyar ta ɗauki kusan ninki uku na lokaci, zafin da take bari a cikin mosfet ma haka. Ka ƙara da injin firiza da ke fizgar wuta mai yawa a duk tashinsa. Amsar tambayar Alhaji ke nan.

Na sauke IRF3205 duka na sa IRFB4110, mai ɗaukar bolt 100, jiki iri ɗaya, jerin ƙafafu iri ɗaya. Wajen cirewa na tarar da razistar da ke tare da ƙaramin kafasita don shanye tsini a gefe ɗaya ta tsage, na canza ta. Da na sake aunawa, tsinin ya hau saba'in da wani abu, da kaifinsa, ba yanka.

Abin da ya faru ina masallaci

Da a nan labarin ya ƙare da na ji daɗi. Na ce wa yaron bayan azahar za mu duba hawa na biyu, na fita. Shi kuma ya ga yadda gajeriyar ƙasa ta yi aiki, ya ɗauki darasin da gaske: kowane tsinke a maƙala ƙasarsa a sos na mosfet ɗin da ake aunawa. Ya sa tsinke ɗaya a get na mosfet ɗin ƙasa na gadar, bakin kadansa a sos. Ya sa na biyu a get na mosfet ɗin sama, bakin kadansa a nasa sos. Ya kunna.

Na dawo na tarar da warin ƙuna, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa.

"Oga, wallahi yadda ka yi na yi."

Gaskiya ya faɗa, ni ne ban gaya masa sauran ba. Na ɗauko mita na sa ta a kan ƙara, inda take yin ƙara idan wurare biyu haɗe suke, na taɓa zoben ƙarfen mashiga ta ɗaya da na ta biyu a gaban osiloskof, ta yi ƙara. Duk bakunan kada na osiloskof irin na tebur waya ɗaya ce a ciki, kuma haɗe suke da jikin na'urar da ƙafar ƙasa ta fulogi. Sos na mosfet ɗin sama kuwa ba ƙasa ba ne, shi ne tsakiyar gada, yana tsalle daga sifiri zuwa bolt ɗari uku da wani abu sau dubu 23 da ɗoriya a sakan. Da mosfet ɗin sama ya kunnu, manyan kafasitocin suka juye kansu ta cikin wayoyin ƙasa biyu da cikin osiloskof. Mun yi asarar mosfet ɗaya, IR2110 ɗaya, da wayar bakin kada da ta narke. Narkewarta da wuri ce nake jin ta ceci na'urar.

Akwai masu cewa maganin wannan shi ne a karya ƙafar ƙasa ta fulogin osiloskof. A nan ko an karya ba zai hana komai ba, tunda tsakanin mashiga biyu na osiloskof gajeriyar hanyar ta bi. Kuma soket ɗin shagona, kamar na shaguna da yawa da na sani, dama babu wayar ƙasa a cikinsa. Wannan ba kariya ba ce. Ma'anarsa ita ce da bakin kada ɗaya kawai ya maƙala a tsakiyar gadar, ba abin da zai fashe, amma duk ƙarfen da ke jikin osiloskof zai ɗauki bolt ɗari uku yana jiran hannun da zai zo murɗa wani abu.

Na yi tunanin dabarar tsinke biyu ba tare da bakin kada ba, ɗaya a get ɗaya a sos, a sa na'ura ta ɗebe wannan daga wancan. Tana aiki a wasu wurare, a nan ba ta da amfani. Sai ka buɗe fuska ta ɗauki bolt 400 kafin siginar ta shiga, osiloskof mai bit 8 kuma matakai 256 kawai yake da su, kowane mataki ya zama bolt ɗaya da rabi. Siginar get ta bolt 12 za ta zama matakai takwas a cikin hayaniya. Ga shi kuma yawancin tsinken 10X na kirki bolt 300 aka rubuta musu, iyakar tana kuma raguwa yayin da saurin sigina ke ƙaruwa.

Sai na ari tsinke mai auna bambanci a wurin wani abokin sana'a, Micsig DP10013, mai ɗaukar bolt 1300 da megahas 100, yana da 50X da 500X, wutarsa ta USB. Wayoyi biyu gare shi, ja da baƙa, kuma babu wadda ke haɗe da ƙasar osiloskof kai tsaye. Bayan mun gyara abin da ya ƙone, na murɗe wayoyin biyu da juna kamar igiya don zoben ya ƙanƙance, na sa shi a 50X. Kafin in yarda da shi na yi masa gwajin da na yi wa na farko: ja da baƙa duka a kan tsakiyar gada. Layin bai miƙe sarai ba, akwai ƙananan tsinaye a kowane tsalle, domin ƙarfinsa na watsar da abin da wayoyin biyu suka yi tarayya a kai yana raguwa a sigina mai sauri. Na lura da tsayinsu. Da na mayar da ja kan get, na ga tsinaye masu kusan wannan tsayin a wurare guda, na san ba na inbatar ba ne. Siginar get tana hawa wajen bolt 12 tsaf, kuma tazarar da EG8010 ke bari tsakanin kashe na sama da kunna na ƙasa tana nan, rabin maikrosakan, ɗaya daga cikin huɗun da guntun ke bayarwa.

Kwana biyun da na roƙa sun zama biyar. Ranar da muka kai ta, da gangan na zaɓi ƙarfe ɗaya na rana, na tsaya har firiza ta tashi ta tsaya sau uku, hannuna a kan ƙarfen sanyaya mosfet, ɗumi kawai. Alhaji ya miƙo mana ruwa mai sanyi bai ce komai ba. Da muka koma shago yaron ya warware jan wayar nan ya jefa ta cikin kwalin tarkace, ni kuma na tura maɓallin P6100 zuwa 10X na naɗe shi da baƙin salatif.